Wai Duk Olsa Ce?

Likitocin majalisa! Ina miƙa gaisuwa ga manyan ƙwararru na gindin dalbejiya da teburin mai shayi, waɗanda ba su taɓa leƙa ajin koyon likitanci ba, amma har yau ba a kawo musu ciwon da suka ce ya fi ƙarfin saninsu ba. A wurinku cututtukan duniya ba su wuce biyar ba: maleriya, taifot, sanyi, basir da olsa. Har rabon gado kuka yi musu da jikin ɗan Adam. Daga cibiya zuwa ƙasa na basir ne. Daga cibiya zuwa maƙogwaro kuwa olsa ce ke da shi, ba mai ja da ita. In kuma mutum ya yanke jiki ya faɗi bai shura ba, to an fita daga hurumin cuta an shiga na maƙiya: ko jifa, ko sammu, ko abokin kasuwar nan da aka ga yana yawan gaishe shi kwanan nan.

Yau da ƙara na zo, kuma a kan yankin olsa ne. Akwai wata baiwar Allah da ke zaune a wannan yanki tun kuna ciki, tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, ba hutun Sallah ba na Lahadi, amma duk ranar da ta yi kukan neman agaji sai ku ɗura mata farin maganin nan na kwalba ku ce ta yi haƙuri. Zuciya nake nufi.

Na san abin da Malam zai ce tun bai buɗe baki ba. “Kai, rabu da mu. Ni na san jikina. In na ci yaji ko na daɗe ban sa wani abu a ciki ba, haka take yi min.”

Ranka ya daɗe, ba kai ka fara wannan fatawa ba. A ranar 23 ga Satumba 1955, shugaban Amurka Dwight Eisenhower, janar ɗin da ya jagoranci sojojin ƙawance a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya wuni yana wasan gwalf a birnin Denver. Da rana ya ci burodi da nama da ɗanyar albasa. Can sai ya ji ƙirjinsa ba daɗi, ya ɗora wa albasa laifi. Tsakar dare ciwo ya tashe shi, ya sha maganin ƙwarnafi, aka kira likitansa. Gari ya waye aka gaya wa ’yan jarida wai ɓacin ciki ne ya ɗan taɓa shugaba. Sai da rana ta raba aka jona masa na’urar awon zuciya, takarda ta fito ta ƙaryata kowa: bugun zuciya ne. Mako 7 ya yi a asibiti. Mutum ke nan mai likita na kansa a bakin ƙofa, kuma da shi da likitan duk suka kusa sa albasa ta ɗauki alhakin da ba nata ba. Shi dai ya tsallake, har ya sake cin zaɓe a 1956. To kai da babban likitanka shi ne yaron kemis na bakin layi, da me kake taƙama?

Bari in gaya maka abin da ke faruwa a ciki, ko da yake na san ka riga ka sani, ai ba abin da ba ka sani ba. Zuciya tsoka ce, kuma duk da jinin jiki kaf ta cikinta yake bi, ba daga shi take ci ba. Tana da nata ’yan jijiyoyi da suka kewaye ta ta waje, faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, su ke kai mata abinci da iska. Shekara da shekaru maiƙo yana taruwa a bangon jijiyoyin nan, hawan jini da ciwon suga da hayaƙin taba suna ƙara masa gudu. Wata rana sai tarin maiƙon ya tsage, jini ya daskare a bakin tsagar, gudan jinin ya toshe hanya ruf. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san sauran labarin. In aka datse ruwa a bakin magudana, fangalin da ke can ƙarshe shi ke fara yaushi. Aka buɗe da wuri ya farfaɗo, aka bari ya bushe kuwa, ko dam ɗin Tiga aka juye masa ba zai tashi ba. Tsokar da aka yanke wa jini takan fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, ta ci gaba da mutuwa sa’a bayan sa’a, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa, tabo take zama. Mai tabon nan shi za ku gani baɗi yana haki daga ɗaki zuwa masallaci, ƙafafu a kumbure, ba ya iya barci sai an jingina shi da filo uku. Ku kuma ku yi zama na musamman a kansa ku yanke hukunci: sanyi ne.

Fim ya ɓata ku, shi ya sa. Kun saba ganin an raɗa wa Alhaji cewa kayansa sun nutse a teku, ya dafe ƙirji, ya kurma wayyo, ya zube a kan kafet, kiɗa ya tashi. Na gaske sau da yawa ba ya zuwa da wannan shagali. Ku duba majalisarku bayan isha’i. Mutumin da ya fi kowa surutu a kan siyasa sai ya yi tsit. Ya dunƙule hannu ya danna tsakiyar ƙirjinsa, ba da yatsa ɗaya yake nuna wurin ba, da hannu duka. Ana cikin hunturu, kowa ya naɗe da bargo, shi zufa ta karyo masa a goshi, mai sanyi. Ya yi gyatsa, ya murza hannunsa na hagu, ya gyara zama, ya sake gyarawa. Ku ce “Lafiya, Malam?” ya ce “Ba komai, abin nan ne ya motsa.” Minti goma, sha biyar, abin nan bai kwanta ba. A nan ne ake rasa mutane, a tsakiyar abokai, kowa na ba da shawarar a kawo madara.

Masu ciwon ba kasafai suke cewa “ciwo” ba ma. Nauyi suke cewa, ko an danne su, ko an ɗaure musu ƙirji, ko zafi a ƙahon zuci. Yakan miƙa zuwa hannun hagu, wani lokaci hannu biyun, ko kafaɗa, ko wuya, ko muƙamuƙi har mutum ya zaci haƙori ne, ko tsakanin kafaɗu ta baya. Numfashi ya yi gajere, zuciya ta tashi har a yi amai, jiri ya ɗebi mutum, wani kuma ya ji wani irin tsoro ya rufe shi wanda ba zai iya cewa ga dalilinsa ba. Ba sai sun taru duka ba. Biyu ma sun isa a tashi tsaye, ɗaya ma in mai ƙarfi ne.

“To malam mai rubutu, tunda ka iya, gaya mana yadda za mu bambance shi da olsa muna zaune.”

Ba za ku iya ba, kuma ba don ba ku da basira ba. Likitan da ya shekara ashirin yana aikin nan ma ba ya yarda da idonsa, sai ya auna. Wai ka yi gyatsa ka ji sauƙi, ko ka sha maganin olsa abin ya ɗan lafa, wannan ba ya wanke zuciya daga zargi, don ciwon nata ma yakan zo ya tafi ya dawo. Akwai dai alamar da ya kamata ta sa mutum ya tsargu tun kafin babbar rana: nauyin ƙirjin da ke zuwa in ka hau bene, ko ka tura babur, ko ka yi sauri don kada raka’a ta wuce ka, in ka tsaya ka huta ya saki cikin ’yan mintuna. Yunwa ba ta san bene ba, Malam. Wannan jijiya ce da ta ƙuntata tana maka sallama, kuma wannan makon ya kamata likita ya gan ka. Amma in nauyin ya zo kana zaune, ya kai minti 5 bai saki ba, ko yana tafiya yana dawowa, musamman da zufa ko haki, to an gama shawara, sai hanya.

Ga Alhaji can yana murmushi, na san tasa. “Wannan ai ciwon Turawa ne, masu cin cuku da man shanu na gwangwani. Mu da muka tashi da tuwon dawa da miyar kuka?”

Zan ba ka gaskiyarka, Alhaji: a da likitocin ƙasar nan ba su cika ganin irin wannan toshewar jijiya ba. Amma a da kakanka da ƙafa yake zuwa gona, da ƙafa yake zuwa cin kasuwa. Kai kuwa daga ɗaki sai mota, daga mota sai kujerar shago, tuwon dawar da kake tutiya da shi rabonka da shi tun bikin ƙanwarka. Shayinka cokali huɗu na suga, miyarka sai an jefa mata ɗanɗano ya kai biyar ban da gishiri, da yamma ga tsire mai kitse, ga lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, a duk abin da zai ci. Je ka kicin ka tambayi Hajiya, in ta bar ka ka shiga. Ita dai hukumar ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne. Mu ke nan. A Najeriya kusan ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, da yawansu kuma ba su ma san suna da shi ba.

In kuma ka ce abincin zamani ne kaɗai, to mu leƙa Masar. A 2011 masana suka bayyana cewa sun saka gawar wata gimbiya, Ahmose Meryet Amon, cikin na’urar ɗaukar hoton jiki a Alƙahira. Ta rayu kimanin shekara 3,500 da suka wuce, ba ta taɓa ganin lemon kwalba ba, amma aka tarar jijiyoyin zuciyarta sun toshe. A 2013 aka faɗaɗa binciken zuwa tsofaffin gawarwaki 137 daga sassa huɗu na duniya, aka sami alamun cutar a kashi ɗaya cikin uku. Shi kuwa shugaban Masar Jamal Abdul Nasir, wanda Ingila da Faransa suka kasa tanƙwarawa a rikicin Suwez, bugun zuciya ne ya ɗauke shi ranar 28 ga Satumba 1970, yana da shekara 52, sa’o’i kaɗan bayan ya sallami baƙin taron shugabannin Larabawa. Yana da ciwon suga, kuma ya sha taba ba kaɗan ba. Bature ne shi ma?

Su Zage-zagi, da ba a raba su da gardama, su ma su yi shiru a nan, don a garinsu ne likitoci suka bayyana wa duniya a shekarun 1970 irin ciwon zuciyar da ke kama masu jego, wanda suka alaƙanta da kunun kanwa da yawan ruwan zafi. Wancan wani ciwon ne daban, amma ya isa ya nuna zuciyar Bahaushe ba da ƙarfe aka yi ta ba.

Hajiya, ke ma na gan ki, kin koma gefe kina cewa Allah ya ƙara, a gaya wa mazan nan. Ki matso. Naki ya fi ban tsoro, don sau da yawa ba ya zuwa da hayaniya. Mata ma ciwon ƙirji ne alamarsu ta farko, amma sun fi maza samun shi da wata kama: haki ba dalili, kasala mai nauyi wadda ko tsintsiya ba ki iya ɗagawa, tashin zuciya, ciwon baya ko na muƙamuƙi. Kuma kin san halinki. Za ki ce gajiyar biki ce. Za ki ce bari ki sauke tuwo, bari yara su dawo daga islamiyya, bari maigida ya shigo ku yi shawara, ga shi ya tafi Abuja wayarsa ba ta shiga. Ke da in zazzaɓi ya taɓa autanki da ƙarfe biyun dare sai kin tashi unguwa, ranar taki kuwa sai “kada a tashi hankalin mutane”. Bayan jinin al’ada ya ɗauke, haɗarinki yana hawa yana bin na maza. Ku kuma mazan, duk wanda ke tafiya ya bar iyali, ya faɗa tun yau a gaban kowa cewa in irin wannan ta taso a tafi asibiti, izini ya riga ya bayar.

Haka masu ciwon suga da tsofaffi. Suga yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, har mutum ya yi bugun zuciya ƙirjinsa bai ce masa komai ba, sai zufa da haki da ruɗewa. In Baba mai suga ya tashi haka kawai ya jiƙe da zufa yana neman iska, a auna suga, amma kada a tsaya nan.

Shi kuwa saurayin can mai rigar Madrid cewa yake bai ga abin da ya shafe shi ba. Ka san Iker Casillas ko? Golan da ya ɗaga kofin duniya a 2010. Ranar 1 ga Mayu 2019, yana da shekara 37, yana atisaye da ƙungiyar Porto a Fotugal, bugun zuciya ya same shi. Bai ce bari a tashi daga atisaye ba. Nan take aka wuce da shi asibiti aka buɗe jijiyar, yana nan da ransa. Mutumin da aikinsa ke nan motsa jiki. Kai kuwa motsinka daga gidan kallo zuwa gidan shisha ne.

Yanzu sai babban malamin, wanda na fi jin nauyi. “Yaro, in kwana ya ƙare ba likitan da zai ƙara shi.” Allah gafarta Malam, ba ni da ja a nan, ko kaɗan. Sai dai na lura in ɓarawo ya hauro katanga ba ka zama ka ce in rabonsa ne zai ɗauka, ihu kake har maƙwabta su fito. In za ka tsallaka titi sai ka duba hagu da dama. Neman magani ai ku kuka karantar da mu shi. Ba wanda ya hana tofi, ba wanda ya hana addu’a. A yi su a cikin mota, ana tafiya. Abin da nake roƙo kada a zaunar da mutum sa’a uku ana jiran tawadar rubutu ta jiƙa, ana turara masa hayaƙi, shi da iska ce ma ba ta isarsa. Masu cewa jifa ne kuma, to mun ji, jifa ne. A kai shi a auna a ga inda jifan ya sauka.

Akwai kuma sabon likita da ya fi ku duka haɗari, Dakta WhatsApp. Shi ne mai cewa in bugun zuciya ya kama ka kai kaɗai ka yi ta tari da ƙarfi, wai zai tashi zuciyar. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Ingila sun daɗe da cewa kada a dogara da wannan. Shi ne mai ruwan ɗumi da tafarnuwa, mai citta da lemon tsami, mai huda yatsu da allura. Ba ɗaya a cikinsu da ke narkar da gudan jini, sai dai su cinye maka mintunan da kake da su. Kuma ku lura, saƙon kullum da “wani babban likita” yake farawa, likitan da ba shi da suna ba shi da gari.

Amma babban makashi a cikinku duka shi ne mai cewa “a bari sai da safe”. Shi ba ya musun komai, ya yarda ciwo ne, ya yarda da asibiti, dare ne kawai ya yi. A watan Yunin 2016, kwana kaɗan bayan rasuwar koci Stephen Keshi, Najeriya ta wayi gari da rasuwar Shu’aibu Amodu, wanda ya horar da Super Eagles ba sau ɗaya ba, yana da shekara 58. Sanarwar hukumar ƙwallon ƙafa ta ce ya koka da ciwon ƙirji da dare, ya rasu cikin barci. Allah ya ji ƙansa. Sa’o’in farko su ne mafi haɗari, don a lokacin ne zuciyar da ta ji rauni ke iya rikicewa ta daina tura jini gaba ɗaya. In hakan ta faru a asibiti akwai na’urar da ke ba ta wutar lantarki ta dawo da ita kan hanya. In ta faru a ɗaki, sai salati.

Abin yi kuwa bai kai wahalar gardamar ba. A zaunar da mutum ya jingina, a sassauta masa tufafi, kada a bar shi ya yi ta zirga-zirga yana nuna shi namiji ne. A kira 112 in tana aiki a garinku. In ba haka ba a buga ƙofar maƙwabci mai mota, ko a tare adaidaita sahu. Kada ya tuƙa kansa, kada kuma a ɗora shi a bayan acaɓa in akwai wata hanya, don yana iya suma a tafe. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, ba haɗiya ba, muddin jikinsa ba ya ƙin asfirin, ba shi da gyambon ciki mai zubar da jini, kuma likita bai taɓa hana shi ba. Farasitamol da magungunan ciwon jiki ba sa maye gurbinsa. In babu asfirin a gida kada a tsaya yawon nemansa, a wuce. Na ga kuna dariya, wai ɗan asfirin ɗin nan na kan tebur? Shi fa. A 1988 masana na Jami’ar Oxford suka fitar da sakamakon gwaji a kan majinyata sama da 17,000: asfirin kaɗai ya rage mace-mace da kusan kashi 23 cikin 100, allurar narkar da gudan jini kaɗai da kashi 25, da aka haɗa su biyun kuwa kashi 42. Allurar nan tana da lokaci. Ta fi aiki a sa’a ɗaya zuwa biyu na farko, bayan sa’a 12 kuwa kusan an yi ihu bayan hari. Inda akwai kayan aiki kuma ana zura siririyar roba ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuciya, a hura ’yar balan-balan a buɗe hanyar, a bar ’yar ragar ƙarfe ta tokare ta. Tun 1977 wani likita, Andreas Grüntzig, ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurich.

In an isa, sashen gaggawa za a nufa, ba layin yankar kati ba. Kuma don Allah, Malam, a ajiye doguwar gaisuwa da tarihin olsar da ta faro tun zamanin Shagari. Ka ce wa nas: “Ƙirjina ne ya danne tun ƙarfe kaza, ina zufa, yana sauka hannuna.” Ƙa’idar aikin ita ce a yi maka awon zuciya na isiji cikin minti 10 da isowa. Wani lokaci awon farko ba ya nuna komai, sai an sake, a kuma ɗebi jini a nemi wani sinadari, toroponin, da tsokar zuciya ke saki in ta ji rauni, shi kuma yakan ɗauki sa’o’i kafin ya bayyana. Saboda haka in an ce ka jira, ka jira, kada ka saɓa babbar riga ka ce ai ka ji sauƙi.

Sai wata magana ta mu-ya-mu, Alhaji, matso kusa kada yara su ji. In ka sha maganin ƙarfin maza a ranar ko jiya, na kemis ne ko na mai lasifikar bakin tasha, ka gaya wa likita. Akwai maganin da ake sa wa mai ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe, in ya gamu da wancan a jiki jini yakan faɗi warwas. Likita ba zai kai ƙararka wurin uwargida ba.

Mutum ɗaya ne a majalisar nan ba zan zolaya ba, mai cewa “Duk mun ji, kuɗin fa?” Gaskiyarsa ce. Aikin ragar ƙarfen nan miliyoyin naira ne, wuraren da ake yin sa kuma ba su da yawa, galibi a manyan birane suke. Ba kowane asibiti ke da allurar ba, wani ma na’urar awon tana nan amma ba wuta. Sai dai asfirin yana cikin mafi arahar magunguna, awon isiji bai kama ƙafar kuɗin ragon suna ba, kuma kwanciya a inda ake sa wa zuciya ido ita kanta tana ceton rai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma’aikacin lafiya ko asibiti a Najeriya ƙin ba da kulawar gaggawa ga kowa bisa kowane dalili. Na san tsakanin doka da bakin ƙofa akwai tafiya, amma ku san da ita, ku kuma faɗe ta in ta kama. Ku tuna kuma mu ne in mutum ya rasu muke haɗa kuɗin shinkafar sadakar uku cikin sa’a guda. A riƙa haɗa irinsa tun mai shi yana numfashi.

In kuwa mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, ku ajiye bokitin ruwa, ku ajiye albasa da cokali. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna ya shiga kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, in wani ya gaji wani ya karɓa, har a sami ma’aikatan lafiya. Masu kallon ƙwallo sun ga wannan da idonsu ranar 12 ga Yuni 2021, da zuciyar Christian Eriksen na Denmak ta tsaya a tsakiyar fili ana wasa da Finlan. Danna ƙirji da na’urar lantarki suka dawo da shi, har ya koma taka leda.

Na san abin da ke cin ku a rai, kunya ce. Kada a kwashi babban mutum da tsakar dare, unguwa ta fito, a je a auna a ce ai wake ne ya ci da yawa. To sai me? Sau da yawa ma hakan za a ce, kuma likitoci sun fi son wannan labarin. In aka ce wake ne, ka dawo majalisa mu yi maka dariya har mako guda, shayinka na ranar a kaina.

Kafin nan dai, gobe in Allah ya kai mu, kowa ya je a auna masa jini da suga. Ku tambaya a sani wane asibiti ne kusa da ku ke yin awon isiji da dare, ku karɓi lambar maƙwabci mai mota, ku ajiye asfirin inda kowa a gidan ya san wurinsa.